Babur Mai Batir: A Gwada Shi A Hanyar Goronyo Kafin A Ci Bashi

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lissafin ƙaramin ma'aikaci ya rikice. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 a cikin mako guda, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000. Malamin firamare da ke kwana a Sakkwato yana koyarwa a Achida, da ma'aikacin lafiya da aka tura Rabah, da malamin gona mai zagaya fadamar Wurno, dukansu babur ne ƙafarsu, kuma dukansu sun ga yadda tankin babur ya zama abokin rabon albashi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da zancen babur mai aiki da batir ya shiga ofisoshi da ɗakunan malamai, har waɗansu suka fara tambayar ko ƙungiyar gama kai ta ma'aikata za ta ba da shi bashi a riƙa cira daga albashi, kamar yadda iyayensu suka sayi Vespa da Honda a zamanin kuɗin Udoji a 1975.

Sha'awar ba laifi ba ce, kuma babur ɗin ba ƙarya ba ne, yana tafiya. Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne lambar nan da dillali ke nunawa a jikin kwali, wadda ke cewa caji ɗaya zai kai mutum kilomita 80, ko 100, ko 120. Ba a hanyar Goronyo aka samo wannan lamba ba, ba a watan Afrilu ba, ba kuma da buhun albasa a baya ba. Duk ma'aikacin da ya ɗaura albashinsa na shekara biyu a kanta, ya yi cinikin biri a sama.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake samo irin wannan lamba. A ƙasar Indiya, inda aka sayar da miliyoyin waɗannan babura, ana gwada su ne a cikin ɗaki, a ɗora tayar a kan wani ƙarfe mai birgima, a bi wani tsarin tuƙi na hukuma wanda gudunsa mafi yawa bai wuce kilomita 42 a awa ba, matsakaicinsa kuwa bai kai 25 ba. Babu iskar da ke bugun ƙirji, babu rami, babu fasinja. Kamfanonin da kansu sun san bambancin. Kamfanin Ather, a kan babur ɗinsa na 2022, ya buga lamba biyu: kilomita 146 na gwajin hukuma, da kilomita 105 wanda ya ce shi ne na gaskiya a kan titi. Kamfanin Ola ya tallata kilomita 181, daga baya ya bayyana cewa abin da mai babur zai samu a zahiri wajen 135 ne. Watau kashi ɗaya cikin huɗu ya zube tun ba a bar kwaltar birni ba. Waɗannan kuwa kamfanoni ne masu suna da ofis, waɗanda ake iya kai ƙararsu. Babur ɗin da ya shigo a kwantena ba tare da sunan maƙerinsa ba, lambar da ke jikinsa ba ta da uban da za a tuhuma.

Akwai lissafi mai sauƙi wanda ɗan sakandare zai iya yi a bayan littafinsa, kuma ya fi bakin dillali gaskiya. A jikin kowane batir akwai lambobi biyu, ɗaya mai harafin V, ɗaya mai haruffan Ah. In aka ninka su aka raba da 1,000, abin da ya fito shi ne yawan wutar da batirin ke ɗauka, da yunit irin wanda mitar gida ke ƙirgawa. Ƙaramin babur samfurin roba-roba mai batir 60V da 20Ah yana ɗauke da yunit 1.2 ke nan. Babba, irin wanda ake yi domin haya, mai 72V da 40Ah, yana ɗauke da kusan yunit 2.9. A kan kwalta mai kyau, da mutum ɗaya, da gudu matsakaici, yunit ɗaya yakan kai kilomita 25 zuwa 30. Babur ɗin Ather da aka ambata batirinsa yunit 3.7 ne, kuma kilomita 105 ɗin nan ya faɗa daidai cikin wannan ƙiyasi. Ashe ƙaramin zai yi kilomita 30 zuwa 36 yana sabo ful, babban kuma 70 zuwa 85.

To, a ɗora wannan a kan taswirar gabashin jihar. Daga Sakkwato zuwa Rabah, garin da aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, tafiyar ta haura kilomita 30. Zuwa Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello inda kabarinsa yake tun 1837, kimanin kilomita 40 ne in an bi ta Achida. Goronyo kuwa ta haura 60. Ƙaramin babur ɗin nan da kyar zai ga Rabah, ba zai ga Wurno ba. Babban zai je Wurno ya dawo yana numfashi sama-sama, in an yi sa'a. Goronyo kuwa zuwa kawai zai yi, dawowa sai an sake cika shi. Matafiyi ba nisan zuwa yake aunawa ba, nisan zuwa da dawowa yake aunawa, har da ratsen da zai yi zuwa sakatariya ko kasuwa. Babur Boxer da tankinsa na lita 11 yana iya zuwa Goronyo ya dawo sau biyu bai leƙa gidan mai ba, kuma wannan shi ne ma'aunin da jama'a suka saba da shi.

Wannan duk lissafin hanya mai kyau ne da tuƙin natsuwa. Abu na farko da ke rage shi gudu ne. Ƙarfin iskar da ke tare mai babur yana ƙaruwa ne ninki a kan ninki: in aka ninka gudu sau biyu, daga kilomita 30 a awa zuwa 60, iskar tana turo shi da ƙarfi ninki huɗu. A cikin gari, inda ake tafiya a hankali ana tsayawa, babur mai batir ya fi kowa jin daɗi, domin in ya tsaya ba ya cin komai. A kan miƙaƙƙiyar hanya kuwa, inda babu wanda ke yin 30 sai mai koyo, nan ne batir ke tsiyaya. In aka ƙara da iskar hunturu wadda ke busowa daga arewa maso gabas, watau daidai fuskar wanda ya nufi Goronyo daga Sakkwato, sai abin ya daɗa muni.

Sai kuma kaya da rairayi, waɗanda a wannan yanki ba a raba su da babur. Wurno da Goronyo ƙasar noman rani ce, tun daga ruwan Lugu har zuwa madatsar Goronyo wadda aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima. Albasa, tafarnuwa, shinkafa da tattasai ba su fitowa daga fadama zuwa bakin kwalta sai a kan jaki, ko amalanke, ko babur. Buhun albasa nauyinsa ya kai na ƙaton mutum, ɗan kabu-kabu kuwa bai cika yarda ya tashi da fasinja ɗaya ba. Ko ma'aikacin da ba ya haya, da wuya ya isa ƙauyen da yake aiki bai rage wa wani hanya ba, domin wuce dattijo a rana ba tarbiyyar wannan ƙasa ba ce. A kan kwalta, nauyi yana rage nisa amma da sauƙi. A cikin rairayi ne abin ke ɓaci, domin taya tana nutsewa, kuma ƙarfin da ake bukata a tura ta ya ninka na kwalta sau da yawa. Galibin ƙananan baburan nan injinsu a cikin tayar baya yake, a rufe, ba ya samun iska sai yana gudu. In aka matsa masa a rairayi yana tafiyar hawainiya, yana jan wuta mai yawa, sai ya ɗauki zafi, na'urar da ke sarrafa shi ta rage masa ƙarfi ko ta kashe shi ɗungurungum don kada ya ƙone. Ƙananan tayoyin roba-roba da ƙasan cikinsa mai kusa da ƙasa an yi su ne domin titunan biranen Sin. Da damina kuma akwai kwazazzabai da magudanai da ake ratsawa, alhali batirin yana ƙarƙashin matakin ƙafa, wurin da ruwa ke fara kaiwa.

Zafi shi ne babban abokin gaba, kuma shi ne wanda ba a gani sai bayan an gama biyan rabin bashi. Ana auna ƙarfin batir da tsawon ransa ne a ɗumin digiri 25. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi yana haura 40 a inuwa, balle babur ɗin da aka ajiye a filin makaranta daga safe zuwa azahar. Batir iri biyu ne a kasuwa. Akwai na dalma, ɗan'uwan batirin mota, wanda shi ne ke cikin mafi yawan baburan araha; masana sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba tsawon ransa biyu, kuma ba ya son a tatse shi ƙarƙaf, ba ya son a bar shi ya kwana babu caji. Ko a inda aka kula da shi, cikawa da zazzagewa sau 300 zuwa 500 ne iyakarsa. Wanda ke cika shi kullum, kafin shekara ta zagayo zai ga kilomita 35 ɗin nan sun koma 20. Akwai kuma na litiyam, mai tsada, mara nauyi, mai daɗewa. Shi ma iri-iri ne. Wanda ake rubuta wa LFP ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma yana iya haura cikawa 2,000. Amma kowane litiyam ba a son a yi masa caji in zafin jikinsa ya wuce digiri 45, abin da ke nufin wanda ya dawo daga Wurno da ƙarfe biyu na rana bai kamata ya jona shi nan take ba. A watan Maris na 2022, da shigowar bazara a Indiya, baburan lantarki da dama sun kama da wuta, har da wani na Ola a birnin Pune, abin da ya sa gwamnatin ƙasar ta yi bincike, kamfanoni suka janye dubban babura, aka kuma tsaurara dokar gwajin batir. Bazarar Sakkwato ba ta fi ta Indiya sauƙi ba.

Wani zai ce ai ko babur mai fetur yana tsayawa a hanya. Gaskiya ne, amma tsayawa suna ta tara. In mai ya ƙare, akwai risab, akwai ɗan bumburutu a kusan kowane ƙauye, akwai mai wucewa da zai tsiyaya wa mutum rabin kwalba. In batir ya mutu, babu kwalbar da za a auno wuta a ciki. Sai turi, ko a nemi motar da za ta ɗauka. Daɗin daɗawa, ma'aunin da ke gaban yawancin baburan araha ba yawan wutar da ta rage yake ƙirgawa ba, ƙarfin bugunta kawai yake dubawa, saboda haka yakan nuna batir a cike na dogon lokaci, sa'an nan ya zube gaba ɗaya a cikin 'yan kilomitoci. A birni wannan abin haushi ne kawai. A gabashin Sakkwato ya wuce haka. Ba a manta da harin da aka kai ƙauyukan gundumar Gandi ta Rabah a 2018 ba, ko na kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 inda aka kashe mutum fiye da 40. Ma'aikacin da ke aiki a waɗannan wurare ya san ƙa'idar da ba a rubuta ba, watau ya isa gida kafin rana ta faɗi. Na'urar da za ta iya yaudararsa da kilomita 10 a daidai la'asar sakaliya, ba maganar rangwamen kuɗin mai ba ce kuma.

Sa'an nan a ina za a cika shi? Nan ne lissafin ya fi daɗi, nan ne kuma ya fi saurin juyewa. A ɗauki farashin 2024. Babur mai yin kilomita 40 da lita ɗaya, in lita Naira 1,000 ce, kowace kilomita ta ci Naira 25. A watan Afrilu na shekarar aka sa yunit ɗin wuta mafi tsada, na rukunin da ake kira Band A, a kan Naira 225. In yunit ya yi kilomita 25, kowace kilomita ta tashi Naira 9. Ratar tana da yawa, kuma ita ce duk hujjar babur mai batir. Amma rukunin nan na waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana ne, wanda kuwa ya zauna a Rabah ko Goronyo ya san ba da shi ake wannan magana ba. Babban batir yana bukatar awa huɗu zuwa shida a jone. In babu wutar gwamnati, abin da zai fara faɗo wa mutum a rai shi ne janareto. To, ƙaramin janareton gida ba ya fitar da abin da ya wuce yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga litar fetur. Yunit ɗaya da rabi kuwa kilomita 40 ne in an yi yawa. Watau mutum ya sayi fetur, ya ƙona shi a tsakar gida, ya jira awa biyar, domin ya yi tafiyar da litar nan za ta yi masa in da ya zuba ta a tankin Boxer kai tsaye. An gudu ke nan ba a tsira ba. Ban da haka, kuɗin canjin batir yana nan yana jira, kuma da dala ake sayo shi. Wanda bai raba farashin sabon batir a kan kilomitocin da tsohon ya yi ba, bai gama lissafinsa ba.

Abin da zai ceci lissafin shi ne rana, wadda Sakkwato take da ita fiye da kusan ko'ina a ƙasar nan. Farantin sola mai wat 300 yakan tara yunit ɗaya da 'yan kai a yini, saboda haka faranti uku sun isa su cika babban batir, muddin ana share musu ƙura. Matsalar ita ce rana tana fitowa ne a daidai lokacin da babur yake wurin aiki. Ashe wurin da ya dace da faranti ba rufin gidan ma'aikaci ba ne, rufin makarantar ne, ko sakatariyar ƙaramar hukuma, ko asibitin da babur ke yini a gabansa, tare da rumfar da za ta tare masa rana. (Wannan ba izini ba ne a je a jona babur a solar firijin allurar rigakafi, abin da tabbas wani zai gwada.) Manoman rani da suka koma ban ruwa da famfon sola su ma suna da farantan da ke zaman banza a ranakun da ba a ban ruwa.

Ba za a yi wa babur ɗin adalci ba in ba a faɗi inda ya yi fice ba. Ba ya shan baƙin mai, ba shi da fulogi, ba shi da kafireto da ƙura za ta toshe, ba ruwansa da gurɓataccen man bumburutu. Yana da ƙarfin tashi tun daga tsaye. A 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar tsaro, mai faranti da batir da bai san an yi ba. Ɗalibin kwaleji da ke zirga-zirga a cikin birnin Sakkwato, da akawun da ke tsakanin gidansa da sakatariyar Wurno, da malamar asibitin da tafiyarta ba ta wuce kilomita 10 a yini ba, waɗannan babur mai batir zai yi musu rana, ko da ƙaramin ne. Wanda ba zai yi wa ba shi ne mai duba makarantu da ke zagaya ƙauyuka shida a yini, da ma'aikacin rigakafi mai shiga lungu, da ɗan kabu-kabu wanda tsayawar awa biyar a wurin caji asarar rabin yini ce gare shi. Kuskuren da ake gudu shi ne a ɗauki waɗannan mutane duka a matsayin abu ɗaya, a sayo musu samfuri ɗaya a raba a gaban 'yan jarida.

Ƙasashen da abin ya karɓu a wurin masu haya ba da dogon zangon batir suka yi nasara ba, da musanye suka yi. A Taiwan kamfanin Gogoro ya fara wannan tsari a 2015: mai babur ya tsaya a tasha, ya ajiye batirin da ya zazzage, ya ɗauki cikakke, ya wuce cikin minti kaɗan. A Kigali ta ƙasar Ruwanda kamfanin Ampersand ya bi wannan hanya, har gwamnati ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a birnin daga watan Janairu na 2025. Kamfanin Spiro, wanda ya fara a Benin da Togo, ya shigo Jihar Ogun a 2024. Alfanun tsarin shi ne batir na kamfani ne, in ya tsufa asarar kamfani ce. Amma Kigali birni ne mai sanyi, mai kwalta, mai cunkoson abokan ciniki a ɗan ƙaramin fili. Misalin da ya fi kusa da Wurno shi ne na ƙauyen Gbamu-Gbamu a Jihar Ogun, inda kamfanin MAX ya gwada baburansa a kan ƙaramar tashar sola ta ƙauyen, abin da ya nuna cewa ba sai da wutar gwamnati ba. Ko shi ɗin akwai abin lura. Irin waɗannan babura da wayar salula ake biyan kuɗinsu, wasu ma ta layin waya kamfani ke buɗe su ko ya kulle su. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, har da Rabah da Goronyo. Duk kamfanin da zai kawo tsarin musanye gabashin Sakkwato, a tambaye shi abin da babur ɗinsa zai yi a ranar da babu layi.

Abin da ake bukata ba shi da tsada, kuma kayan aikinsa suna nan a gida. A watan Afrilu na 2021 Hukumar Ƙera Motoci ta Ƙasa, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan jihar nan wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar cajin motocin lantarki mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, irinta ta farko a Nijeriya. Jami'ar tana da cibiyar binciken makamashi wadda ta shekara fiye da 40 tana aiki a kan hasken rana, jihar kuma tana da kwalejin fasaha cike da ɗalibai masu neman abin da za su yi aikin ƙarshen shekara a kansa. Babu abin da zai hana a ce duk samfurin da ake so a sayar wa ma'aikata bashi, ko a saya da kuɗin hukuma, sai an kawo guda uku an miƙa wa waɗannan cibiyoyi. A hau su daga Sakkwato zuwa Goronyo a watan Afrilu da tsakar rana, da mutum biyu, da gudun da mutane ke yi na gaskiya. A sauka daga kwalta a shiga fadamar Wurno da buhu a baya. A maimaita a watan Agusta, a sake maimaitawa bayan wata shida ana amfani da su kullum. Lambar da ta fito mafi ƙanƙanta ita za a buga a jarida, a karanta a Rediyon Rima, a kuma rubuta a takardar ciniki kusa da ta kamfani, yadda mai saye zai ga biyun da idonsa.

Shugabannin ƙungiyoyin gama kai su ne ya fi kamata su dage a kan wannan, domin su ne za a zo wa da kuka. Kada wa'adin bashi ya fi wa'adin garantin batir tsawo. In bashin na wata 24 ne, garantin ya zama na wata 24, a rubuce, tare da bayanin kashi nawa na ƙarfinsa aka lamunce zai rage a ƙarshen wa'adin. A rubuta irin batirin ƙarara, dalma ne ko litiyam, in litiyam ne wane iri. A kuma san inda kayan gyara suke. Bakaniken bakin kasuwar Achida ya iya kwance injin Boxer ya ɗaura idonsa a rufe, amma na'urar sarrafa wuta in ta ƙone ba a gyara ta da guduma, kuma babur ɗin da za a jira wa kaya daga Legas wata biyu, kuɗin bashinsa ba ya tsayawa ya jira. Horar da samari goma a kowace ƙaramar hukuma ya fi sayo ƙarin babura goma amfani.

Akwai kuma tambayar inda matattun batura za su tafi. Baburan araha suna ɗauke da batirin dalma biyar ko shida kowanne, kuma a wannan zafi za a riƙa zubar da su kusan duk shekara. 'Yan gwangwan za su saya, wasu za su fasa su a bayan gida su narkar da dalmar. Maƙwabtan jihar nan a Anka da Bukkuyum sun ga abin da ƙurar dalma ta yi a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka mutu sakamakon niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Saboda haka a cikin takardar cinikin nan a ƙara layi ɗaya: dillalin da ya sayar da batir shi zai karɓi tsohonsa a ranar canji, ya rage wa mai babur wani abu daga kuɗin sabon.